Shekara guda da ciwon dunduniya: lamarin wani mai gudu a Maraɗi

Mutumin da yanayin aikinsa

Ɗan kasuwa ne mai shekara 43, mazaunin unguwar Ali Ɗan Sofo, yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi. Tsayinsa mita 1.74, nauyinsa kilo 89 a farkon 2023. Rabonsa da ƙwallo tun yana saurayi. Abin da ya fito da shi gudu awo ne da aka yi masa a Janairun 2023, aka ga tansiyo ta fara hawa, sukari kuma yana bakin iyaka. Likita ya ce ya rage gishiri da lemon kwalba, ya riƙa motsa jiki. Abokansa uku na fada suka ce da su za a yi.

Suna fita bayan sallar asuba, sau 3 a mako, kilomita 3 zuwa 4 a hanyoyin yashi na bayan unguwa, rabi tafiya rabi sassarfa. Zuwa Satumba yana haɗa kilomita 14 a mako, nauyinsa ya sauko kilo 84. Takalminsa basket ne na gwanjo da ya saya jaka 6, wanda ya riga ya sha tafiya a ƙafar wani kafin ya iso Maraɗi.

Cikin wannan tsakanin ne al'amuran gari suka juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya rufe iyaka da Najeriya. Hanyar Ɗan Isa, wadda ke wucewa Jibiya da Katsina, ta yi shiru, manyan motoci suka ragu ƙwarai. Ciniki ya ja baya, har ya sallami ɗaya daga cikin yaran shagonsa biyu. Daga nan shi ne mai sauko da bandir, shi ne mai warware yadi, shi ne mai rakiyar baƙo zuwa bakin rumfa. Daga ƙarfe 8 da rabi zuwa magariba yana tsaye kan daɓen siminti, cikin silifa.

Nuwamba zuwa Disamban 2023: farawar ciwo

Da sanyi ya shigo, gudu ya yi daɗi. Tunda kwalta ta zama wayam da sassafe, sai suka bar yashi suka koma kanta. Cikin mako 4 ya tashi daga kilomita 14 zuwa 32 a mako, kwanakin fita suka zama 5.

A makon farko na Disamba ya sauko daga gado zai yi alwalar asuba, ya ji suka a ƙasan dunduniyar dama, ta gefen ciki. Ya ɗingisa zuwa wurin buta. Kafin ya kai masallaci ciwon ya lafa, da aka fara gudu kuma ya ɓace gaba ɗaya bayan kilomita guda. Washegari ya sake dawowa a daidai wannan lokaci. Bayan mako 2 ya fara jin sa duk sa'ad da ya tashi daga zama mai tsawo, ko daga kan tabarmar shayi ko daga kan babur. Babu kumburi, babu ja, ƙafar ba ta yi zafi a taɓawa ba. Bai rage gudu ba, don a ganinsa ciwon da gudu ke kora ba zai zama gudu ne ya kawo shi ba.

Janairu zuwa Fabrairun 2024: ƙwaya, wanzami da hoto

A Janairu ya fara sayen diklofenak, maganin kashe ciwo da kumburi, wurin masu yawo da magani a kasuwa, ƙwaya ɗaya kafin gudu, ɗaya da dare, ya haɗa da man zafi. Gudun ya ci gaba a kan kilomita 28 zuwa 30. Ciwon safe bai ragu ba, sai ma ya ƙara wani sabon lokaci: bayan la'asar, idan tsayuwar shago ta yi nisa. A mako na 4 ƙwannafi ya dame shi, da aka auna tansiyonsa a farmasi aka sami 15/9, alhali a Oktoba 13/8 ya gani. Mai farmasin ya gaya masa cewa wannan jinsin magani yana iya ɗaga jini, ya ci ciki, ya wahalar da ƙoda. Ya daina sha.

Wani ya ba shi shawarar murza tafin ƙafa kan gorar ruwa mai ƙanƙara. Yakan ji sauƙi na rabin awa. Amma a watannin nan wutar lantarki da ke zuwa Maraɗi daga Najeriya a yanke take, ƙanƙara sai an nema, saboda haka bai ɗore ba.

Farkon Fabrairu yayarsa ta zo duba shi, ta ce, "Alhaji, wannan ba ciwon likita ba ne, ko sanyi ne ya taru, ko ka taka wani abu." Aka yi addu'a, aka sha rubutu, aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho a gefen dunduniya. Ɗaya daga cikin tsagar ta ɗuri ruwa, ya kwana 12 bai iya sa takalmi rufaffe ba. Cikin waɗannan kwanaki bai yi gudu ba, kuma ciwon safe ya ɗan sassauta. Da miki ya warke ya koma kwalta, ciwon ya koma yadda yake.

Ƙarshen Fabrairu ya je wani kilinik mai zaman kansa aka ɗauki radiyon ƙafafun biyu. Hoton ya nuna ɗan tsiron ƙashi a ƙasan dunduniyar dama, abin da mutane ke kira ƙayar ƙashi. Aka ce masa ita ce ke sukarsa, idan abin ya ƙi sai fiɗa. Ya dawo gida hankali a tashe, ya ajiye basket.

Maris zuwa Mayun 2024: hutu da allura

Azumi ya kama a watan Maris, cikin zafin bazara. Mako 6 cif bai yi gudu ba. Shago kuwa ya cika, don an sake buɗe iyaka a wannan watan, ga kuma cinikin kayan Salla. Wasu ranakun sai ƙarfe 11 na dare yake rufewa. Ga asham kowane dare, ga tahajjud a goman ƙarshe, duk a tsaye, ƙafa ba takalmi. A ƙarshen makonnin ciwon ya ragu kaɗan ne kawai, nauyinsa ya koma kilo 87.

Bayan Salla aka yi masa allurar kotizon, maganin kashe kumburi, a dunduniya. Kwana 3 bayanta ya taka ƙasa da asuba bai ji komai ba, karo na farko tun Disamba. A kwana na 10 ya yi kilomita 8 a kwalta, a mako na 3 ya kai 25. A mako na 5 ciwon ya dawo, ya fi na da, har tafiya daga shago zuwa masallacin kasuwa sai da ɗingishi. Ya nemi a sake yi masa allura, likitan ya ƙi. Ya ce masa sauƙin kotizon a wannan ciwo yawanci bai wuce wata guda ba, maimaita shi kuma yana iya tsinka jijiyar ko ya narkar da kitsen da ke tare dunduniya. Ya rubuta masa takarda zuwa wurin kine, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi.

Yunin 2024: binciken kine

Kinen ya fara da tambaya kafin ya taɓa ƙafar. Ya sa shi ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10 a takun farko na safe: 8. Da suka bi baya, ya ƙiyasta 4 a Disamba, 7 a Fabrairu, 5 a ƙarshen azumi, 0 bayan allura.

Da ya danna gefen ciki na ƙasan dunduniya, mutumin ya janye ƙafa. Da ya tanƙwara babban yatsa sama, ciwon ya ƙaru. Da ya matse ƙashin dunduniya ta gefe biyu, babu ciwo, abin da ya rage zargin tsagewar ƙashi irin ta masu yawan gudu. Babu sagewar ƙafa ko jin tsiyayar wuta zuwa yatsu, babu ciwon dare, babu ciwon ƙugu ko kumburin wasu gaɓoɓi. Ya tsayar da shi gaban bango ya ce ya kai gwiwa ga bango ba tare da ɗaga dunduniya ba: ƙafar hagu ta iya daga nisan santimita 10, ta dama daga 5 kawai. Sha-raɓar dama a ɗaure take. A ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, hagu ta yi 19, dama ta tsaya a 7. Hoton eko, irin wanda ake duba masu ciki da shi, ya nuna kaurin jijiyar tafin ƙafa milimita 5.8 a dama, 3.4 a hagu. Abin da ya haura 4 shi likitoci ke ɗauka ya yi kauri.

Sannan ya ɗaga tsohon radiyon na Fabrairu ga hasken taga. "Alhaji, dubi ta hagun," in ji shi. Ita ma tana da tsiron, kusan girmansu ɗaya, kuma ba ta taɓa ciwo ba.

Ya bayyana masa cewa a ƙasan ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da tauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ƙasusuwan tafin ƙafa baka ne, ita ce tsirkiya. Duk taku tana miƙewa, idan yatsu suka lanƙwasa sama kuma sai ta ƙara ɗaurewa. Idan aikin da ake ɗora mata ya fi ƙarfinta, wurin da ta kama ƙashi ne ke fara gajiya. Da dare ƙafa na kwance yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta taƙure, shi ya sa takun farko ya fi ciwo, kuma shi ya sa ɗumin gudu ke ɓoye shi. Ciwon da likitoci ke kira fasiyit ke nan, kuma ana ƙiyasta mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 40 da 60.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ne lissafin yini. A makon da ya fi kowane gudu, awa 3 da ƴan mintoci ya yi yana gudu. Tsayuwar shago a wannan makon ta haura awa 50.

Yuni zuwa Satumban 2024: tsarin da aka bi

Aka fara da shago. Ya sa kafinta ya yi masa kujera mai tsawo da zai iya auna yadi yana zaune, aka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri bayan kanta, ya mayar da yaron da ya sallama. Silifa ta koma ta banɗaki kawai. Ya koma sa takalmi mai tauri a tsakiya da ɗan tudu a baya, da matashin roba a ƙarƙashin dunduniya. A gida ma ya daina taka siminti ba takalmi, ko da daga gado zuwa wurin alwala ne. Mako 2 na farko kinen yana naɗa masa filasta a tafin ƙafa don ta rage jan jijiyar.

Na biyu miƙa jijiyar. Kafin ya sauko daga gado, zai ɗora ƙafar dama kan gwiwar hagu, ya kama yatsun ya ja su sama har ya ji tafin ya ɗaure, ya riƙe daƙiƙa 10, sau 10. Haka zai yi sau 3 a yini, musamman kafin tashi daga dogon zama. Wannan ita ce hanyar da Benedict DiGiovanni da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 2003, inda bayan mako 8 ta fi miƙa agara kaɗai rage ciwon takun farko. Ya haɗa da miƙa sha-raɓa a jikin bango.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar lokaci, ƙarfafawa. Zai tsaya a bakin dakali, tawul a naɗe ƙarƙashin yatsu don su ɗago, dunduniya a sarari. Ya ɗaga cikin daƙiƙa 3, ya riƙe 2, ya sauka cikin 3. Kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta. Tsarin ya fito ne daga binciken Michael Rathleff na ƙasar Danmak da aka buga a 2015 kan mutum 48: ana farawa da ɗagawa 12 sau 3, bayan mako 2 a ƙara nauyi a koma 10 sau 4, bayan wasu mako 2 a koma 8 sau 5. Shi bai iya da ƙafa ɗaya ba a farko, sai ya yi mako 3 da ƙafa biyu. Da lokacin ƙarin nauyi ya zo, jakar lakwal ta ɗansa ya goya, yana zuba gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi, daga 2 har ya kai 8.

Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa yatsu, suna ja masa wurin. Na mako 3 ya riƙa yin nafila a zaune, farilla kuwa a tsaye kan darduma mai kauri.

Gudu an dakatar da shi mako 4 ne kawai, a madadinsa yana tuƙa keke minti 30. Sharaɗin komawa shi ne makin safe ya sauko 3 ko ƙasa, kwana 7 a jere. Uwargidansa ce ke rubuta makin a bayan kalanda, don shi yakan rage. A ƙarshen Yuni maki 6 ne, tsakiyar Yuli 4, ranar 25 ga Yuli ya cika sharaɗi.

Ya koma da sabon basket, a kan burji mai laushi da yashin da ruwan sama ya danne, ba kwalta ba, ba kuma yashi mai zurfi ba. Minti 1 gudu, minti 2 tafiya, sau 8, kwana 3 a mako, ba a jere ba. Doka biyu: ciwo kada ya wuce 3 lokacin gudu, kuma makin washegari kada ya fi na jiya. Idan ya fi, a koma matakin baya. Ƙarin mako bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

An sami koma baya sau ɗaya. Tsakiyar Agusta ya je gonarsu ta wajen Jiratawa, ya yini yana zagaya ƴan noma cikin silifa, washegari kuma ya yi gudunsa yadda aka tsara. Maki ya tashi daga 2 zuwa 6. Kinen bai ce ya tsaya gaba ɗaya ba: ya soke gudu 2, ya bar ɗaga dunduniya da rabin nauyi. Cikin kwana 9 maki ya dawo 2.

Oktoba zuwa Disamban 2024: inda aka tsaya

A Oktoba yana gudun minti 25 ba tsayawa. A Nuwamba ya fara sa kwalta sau ɗaya a mako. A awon ƙarshe, tsakiyar Disamba, yana haɗa kilomita 21 a kwana 3 ko 4, makin safe 0 ne mafi yawan kwanaki, 1 bayan ranar da kasuwa ta cika. Gwiwa ga bango: santimita 9 a dama. Ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya: 22 a dama, 23 a hagu. Nauyi kilo 83, tansiyo 13/8. Eko ya nuna milimita 4.6, wato jijiyar ba ta koma siririya kamar ta hagu ba duk da ciwon ya tafi. Ba a yi fiɗa ba, tsiron ƙashin yana nan.

Hukunci

Abin da ya kawo ciwon ba ɓoyayye ba ne: ninka gudu fiye da biyu cikin wata guda, sauya yashi da kwalta, takalmin da ya mutu, sha-raɓa ɗaurarriya. Amma duk wanda ya duba shi kafin Yuni bai kula da tsayuwar shago ba, shi ma haka. A ganina babban kuskuren lamarin ke nan. Jijiyar ba ta bambanta takun gudu da tsayuwar ciniki. Shi ya sa hutun azumi bai yi aiki ba: an cire awa 3, an bar 50, an ƙara asham a kai. Sunansa hutu, amma ƙafar ba ta huta ba, ƙarfin sha-raɓa ne kawai ya zube.

Diklofenak da kotizon matsalarsu ɗaya a nan. Sun kashe ciwon da ke gaya masa iyakarsa, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin warkewa. Akwai kuma dalilin da ya sa maganin kumburi ba ya kai wa ga tushe: a 2003 wani mai bincike, Harvey Lemont, ya duba naman jijiyar mutum 50 da aka yi wa fiɗa kan wannan ciwo, ya tarar da lalacewar zaruruwa ba tare da alamun kumburi ba. Allurar ita kanta ba laifi ba ce. Da an yi amfani da watan sauƙin wajen fara ƙarfafawa maimakon kilomita 25, da labarin ya bambanta. Tsagar wanzami ba ta kai inda ciwon yake ba, don jijiyar na can ƙarƙashin fata mai kauri da kitse, kuma ga mutumin da sukarinsa ke bakin iyaka, miki a ƙafa ba ƙaramin ganganci ba ne. Ɗan sauƙin da ya biyo bayanta na kwana 12 ɗin da bai yi gudu ba ne.

Radiyon Fabrairu ya fi komai ɓata lokaci, don ya sa masa tsoron abin da ba shi ne ciwon ba. Mutane da yawa na yawo da wannan tsiro ba su sani ba, kuma amsar tana cikin hoton tun ranar, a ƙafar hagu.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, na fi ba gyaran shago nauyi, don maki ya fara sauka cikin mako 2, kafin motsa jiki ya isa ya ƙara wa jijiya ƙarfi. Ɗaga dunduniya ita ta ba shi damar komawa gudu ba tare da ciwon ya biyo shi ba. Sai dai kada a kambama ta: a binciken Rathleff ɗin, waɗanda suka yi ta sun fi samun sauƙi a wata 3, amma zuwa wata 12 sun yi daidai da waɗanda suka yi miƙa kawai. Tana gaggauta sauƙi ne. Lokaci ma yana da nasa kaso, tunda kusan 8 zuwa 9 cikin 10 na masu wannan ciwo suna warwarewa cikin shekara guda ba tare da fiɗa ba. Makin bayan kalanda kuwa shi ya hana Agusta ta zama wani Mayu, don ya nuna matsalar tun washegari, lokacin da soke gudu 2 ya isa gyara.

Ga azumin 2025 sun tsara ya sauko kilomita 12 a mako, ya riƙa fita bayan shan ruwa, ya bar gudu gaba ɗaya a goman ƙarshe, ya ci gaba da ɗaga dunduniya sau 2 a mako, kuma ya ɗauki yaro na uku a shago na makonnin cinikin Salla.